Za Mu Fulorida Kallon Namun Dajin Afirka, To Sai Me?

Na ji ku, jama'a, na ji ku. Tun da na furta cewa hutun nan zan kwashi iyalina, har da Inna da ta zo mana Amurka ganin jikoki, mu tafi Fulorida mu hau motar kallon namun daji a filin wasan Disney, kunnena bai huta ba. Wani ya ce zaman ƙasar Turawa ya juya min kai. Wani ya ce ba abin da ke damuna sai ƙoshi. Wani Bazazzagi kuwa, da yake su ba sa ganin Bakano su ƙyale, cewa ya yi shi tafiyar ba ta dame shi ba, abin da ya ɗaure masa kai shi ne a ce Bakano zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya don ya yi kallo kawai, ba saye ba sayarwa, ya koma gida hannu rabbana. To ku gyara zama. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji zafi ya sha ruwa.

Bari in fara gaya muku wurin, don rabin masu yi min tsiya ba su ma san abin da suke wa tsiyar ba. A kusa da birnin Olando, kamfanin Disney na da wani makeken fili mai manyan wuraren wasa guda 4, autansu shi ne Animal Kingdom, wanda aka buɗe ranar 22 ga Afrilu, 1998. A cikinsa an ware unguwa guda an ce mata Afirka, an gina wani gari da babu shi a taswirar kowa, sunansa Harambe, da gine-gine irin na garuruwan Sawahili na bakin teku, har da bangon da aka tsattsaga da gangan don a ce ya sha shekaru. Jinkar ɗakunan ma sai da aka ɗauko gwanayen baibaya 'yan ƙabilar Zulu daga Afirka ta Kudu suka yi ta. A ƙarshen garin nan ake hawa wata babbar mota mai buɗaɗɗen gefe, mai cin mutum talatin da wani abu, direba ya ja ku cikin daji mai faɗin eka 110, tafiyar wajen minti 20, ku ga namun daji iri sama da 30. Sunan abin Kilimanjaro Safaris. Kada wanda ya tambaye ni dutsen. Kilimanjaro na can Tanzaniya da tsayinsa na mita 5,895, Fulorida kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadama, tudunta mafi tsayi mita 105 ne kacal. Sunan kawai suka ara, kuma ba su da niyyar maidowa.

Yauwa, Malam mai cewa, "Ɗan Afirka ya baro Afirka ya je ƙasar Turawa kallon zaki, abin kunya," matso kusa. Tsakaninka da Allah, yaushe ka ga zaki? Ban da wanda ake zanawa a bayan tirela, ban da na talabijin. Dorina fa? Bulalar da ake yi da fatarta ka sani, wadda dogarai ke riƙewa ranar hawa, watakila ma bayanka ya san ta fiye da idonka, amma mai fatar ba ka taɓa haɗa ido da ita ba. Kura dai na yarda ka gani, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, gardi na jan ta a bakin kasuwa ana watsa masa canji. Mu ne masu kiran sarki toron giwa, mu ne masu tatsuniyar Gizo da zaki da kura tun muna kan tabarmar kaka, amma in aka tara mu dubu aka ce wanda ya taɓa ganin giwa na tafiya da ƙafafunta ya ɗaga hannu, sai an bi da fitila. Mafi yawanmu iyakarmu gidan zu na Audu Bako ranar yawon sallah. 'Ya'yana da aka haifa a nan, 'yan ajinsu na tambayar su ko da gaske ne zaki na wucewa ta ƙofar gidan kakansu. Abin da ke wucewa ta ƙofar gidan kakansu A Daidaita Sahu ne da mai tallan ruwa, kuma ƙofar gidanka ma haka ne, Malam, kada ka cika baki.

Na hango ɗan Bauchi ya miƙe yana gyara hula, zai ce Yankari. Zauna, Alhaji, kai kam kana da gaskiya, kuma zan faɗe ta da bakina. Yankari daji ne na ainihi, murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ga ruwan Wikki mai ɗumi da ke ɓulɓulowa dare da rana. In ka auna, dajin Disney zai shiga cikinsa kusan sau 5,000. Mutumin Nijar ma zai ce Kure, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke kiwo a cikin gonakin mutane, tafiyar kamar kilomita 60 daga Yamai. A 1996 an ƙirga su ba su kai 50 ba, aka tashi tsaye a kansu har suka haura 600. Duk wanda ke zaune a Kano ko Jos ko Maraɗi ya tsallake waɗannan ya kama neman bizar Amurka don ya ga giwa, ni ma zan taya ku yi masa dariya, balle kuɗin neman bizar kaɗai dala 185 ne, in an hana ka kuma ba a maido maka. Amma ni a nan nake zaune, Fulorida ce kusa da ni. Kuma Alhaji, faɗi gaskiya ka kunyata shaiɗan: giwar Yankari ba ta cin albashin kowa. Kana iya shan rana kana zagaye, ɗan jagora ya tsayar da mota ya nuna maka kashinta ya ce, "Ka gani, ɗumi gare shi, yanzu ta wuce." Babba na iya haƙuri da wannan, har ya ce daɗin dajin ke nan. Yaro ɗan shekara biyar ba ya cin labarin kashi mai ɗumi. Abin da ba ya saɓa alkawari a Yankari shi ne gwaggon biri, kuma shi ba kai ka zo kallonsa ba, shi ya zo duba abin da ke cikin ledarka.

Sai kuma masu cewa, "Ai duk ƙarya ce, na roba ne, Bature ya iya haɗa abu." A nan ne za ku ji daɗi, don rabin zancenku gaskiya ne, kuma zan ƙara muku da abin da ba ku sani ba. Kukokin nan manya da za ka gani tsaye a tsakiyar dajin, waɗanda direba zai nuna yana ce musu bishiyar da aka dasa kai a ƙasa, na siminti ne. Ba ganye, ba 'ya'ya, ba ranar da za a yi miya da su. Na riga na gaya wa Inna tun a gida, don na san hali, tana hango kuka za ta fara lissafin ko masu gadi za su bari a ɗan tsinko. Surin gara da ke warwatse ko'ina, wanda raƙumin dawa ke goga jiki a kai, shi ma siminti ne, garar da ta gina shi hular kwano take sawa. Itatuwan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ke kama da na dajin Kenya, wani icce ne na kudancin Amurka da ake yi wa aski a kai a kai don ya yi siffar baƙo. Ƙwan jiminar da ke ajiye a bakin hanya ya fi wasu daga cikinku shekaru bai ƙyanƙyashe ba. Hatta babbar bishiyar da ke tsakiyar filin gaba ɗaya, mai tsayin ƙafa 145 da siffofin dabbobi sama da 300 sassaƙe a jikinta, ƙarfen dandamalin haƙo mai ne a cikinta.

Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne hanyar. Jar ƙasa ce a ido, da sawun taya, da kwazazzabai, da kududdufi, mota na tangal-tangal kuna karo da kafaɗar juna. Duk kankare ne aka zuba aka rina, aka zauna da injiniyoyi aka tsara kowane rami a inda ake so. Wato abin da gwamnatocinmu ke ba mu kyauta kowace damina, nan sai da aka kashe masa maƙudan kuɗi, Bature kuma na ihun murna in motar ta faɗa.

To amma dabbobin, ɗan'uwa, da ransu. A nan zancenku ya karye. Shi kansa Walt Disney, lokacin da yake gina filinsa na farko a Kalifoniya wanda aka buɗe a 1955, ya so ya zuba dabbobi masu rai a wani yawon kwale-kwale, masana suka ce masa barci za su yi ta yi ko su ɓuya, dole ya haƙura da na inji. Ya rasu a 1966 bai ga wannan ba. Waɗanda suka zo bayansa, ƙarƙashin wani mai zane da ake kira Joe Rohde, su suka zauna suka yi wa matsalar dabara, kuma dabarar ce ta fi komai burge ni. Ba a ɗaure dabba ba, ba a kuma tilasta mata tsayawa a bakin hanya. Ana dai sa bakin hanyar ya fi ko'ina daɗi. An ɓoye abinci a cikin kututturen ƙarya, an ajiye gishirin lasa a inda mota ke wucewa, an rataye ɗanyen ganye daidai tsayin wuyan raƙumin dawa. Zaki kuwa, manyan dawa, an sa masa na'urar sanyaya wuri a dutsen da ake so ya kwanta a kai. Ku da ke fifita da murfin tukunya in an ɗauke wuta a watan Afrilu, ku ji da kyau: akwai zakin da ke kwance a kan dutse mai iyakwandishan. Kuma duk da haka ba ya biyan kowa da komai, don zaki na iya kwashe awa 16 zuwa 20 a rana yana hutawa. Sau da yawa abin da za ka samu shi ne ƙafa ɗaya a sama da jela na lilo.

Hajiya mai cewa, "Ni dai ba da ni ba, motar da ba gilashi, zaki ya yi tsalle ɗaya ya ɗauke yaro," kwantar da hankalinki. Tsakanin dutsen zakin da hanya akwai wawakeken rami da aka ɓoye da tudu da ciyawa, daga mota ba ya ganuwa. Haka aka yi wa giwaye da kadoji da sauran masu haɗari, kowa da iyakarsa, ido ne kawai ke ganin daji ɗaya. In dare ya yi kuma kowa na komawa ɗakinsa a bayan fage, an koya wa kowane iri sautin da ake kiran sa da shi, a can likitoci ke duba su. Waɗanda ke yawo tare da mota su ne marasa cin nama: raƙuman dawa, jakunan dawa, barewa iri-iri, jimina, da farar karkanda.

Su ɗin ma ba su san da jadawalin kowa ba. Motar ba a kan dogo take ba, direba ne na gaske ke tuƙa ta, kuma dokar wurin ita ce dabba ke da hanya. A wani zuwa da na yi can baya, wata raƙumar dawa ta fito ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar hanya, ta sa harshe ta naɗo ganye. Harshen baƙi-baƙi ne, ya kusa kamu ɗaya, tana tauna a hankali muƙamuƙin na zagayawa gefe, gashin idonta zara-zara, tsuntsu ma bai sa ta ƙifta ba. Direba ya kashe murya ya ce sai mu jira. Ba hon, ba tsawa, ba mai cewa "kore ta mana". Motoci suka yi jerin gwano a bayanmu, ita kuwa ta gama abin da take yi, ta dube mu sama da ƙasa, ta taka ta wuce. Wani yaro a bencin gabana da ya yi ta kuka tun a layi, ɗif ya yi, bakinsa a buɗe. Wannan ne nake biya wa kuɗi, Malam. Wanda ya iya ƙera irinta da roba ya zo mu yi ciniki.

Sai kai Bazazzagi, mai jiran ka ga na yi asara. Kuɗin da yawa, ban musa ba. Tikitin rana guda na babba ya haura dala 100, kuma farashin ba a tsaye yake ba, ranar da jama'a suka fi yawa, irin makon Kirsimeti, ya fi tsada. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Daga 3 zuwa 9 kuɗin yara ne, ragin da ke ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Daga shekara 10 Disney ta ce mutum ya girma, kuɗin babba za a biya masa ko da har yanzu uwarsa ke cuɗa masa baya. Ajiye mota ma da kuɗinsa. Sai dai da zarar ka shiga, hawa motar dajin ba a ƙara karɓar ko sisi, ko sau nawa ƙafarka za ta iya bin layi. Nan Bakano ke fanshe haushinsa. Hawa biyu na tsara, ɗaya da sassafe ɗaya da la'asar, don abin da ka gani da safe ba shi za ka gani da yamma ba. Kuɗi ɗaya, kaya biyu. Je ka gaya wa mutanen Zariya.

Sammako shi ne uwar dabara. Galibi ƙarfe 8 ake buɗe ƙofa, amma a duba manhajar Disney a waya tun daren, don lokacin na sauyawa, kuma waɗanda suka kwana a otal-otal ɗin kamfanin ana barin su shiga minti 30 kafin kowa. Da an buɗe, za ka ga taron ya kwasa a guje ya nufi ɓangaren Pandora, wanda aka buɗe a 2017 kan fim ɗin Avatar, kowa na son hawa lilon da ake tashi sama. Ka bar su. Kai ka miƙe ka bi ta gefen babbar bishiyar ka shige Harambe. A lokacin layin bai yi tsawo ba, gari da sauran sanyi, dabbobi sun fito ke nan suna neman kalaci. Wanda ya tsaya shan shayi da hira har hantsi ya dubi ludayi, zai iya shafe sama da awa guda a layi don tafiyar minti 20, ya isa ya tarar kowa ya shige inuwa. Da yamma kuma kada a yi sake, motar dajin kan daina fita kafin a rufe sauran filin, musamman lokacin da rana ke saurin faɗuwa.

Akwai kuma abin da suke kira Lightning Lane. Ka biya ƙarin kuɗi ta waya, a ba ka lokaci, ka zo ka bi ta wata 'yar hanya ka wuce waɗanda suka daɗe a tsaye suna kallon ka. Na ga wani yana murmushi, ya gane abin. E, shi ne, sai dai nan da rasiɗi ake yi, kuma ba wanda zai ce maka "Oga, a taimaka da na goro." Ni dai ban saya ba. Wanda ya iya tashi sallar asuba bai ga dalilin biyan kuɗin makara ba.

Maganar yanayi, kada wanda ya ce min shi ɗan Sakkwato ne rana ba ta ba shi tsoro. Zafin Fulorida daga Yuni zuwa Satumba ba irin namu ba ne mai busar da gumi, wannan jiƙa ka yake yi ya bar ka a jiƙe, kusan kullum da rana kuma hadari ya haɗo a zuba ruwa da tsawa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne. Mai zaɓi ya je tsakanin ƙarshen kaka da farkon bazara, ya kauce wa makonnin hutun makarantu in zai iya. Ruwan sama shi kaɗai ba ya hana motar fita, tana da rufi, dabbobin ma sun fi walwala in gari ya yi sanyi. A sayi rigar leda tun daga kantin unguwa, don ta cikin filin kuɗinta sai ka yi salati. Babbar riga da takalmi mai tsini a bar su a otal, wuni za a yi ana tafiya.

Uwargida ta karɓi ragamar abinci, kuma ta yi daidai. Ana barin mutum ya shiga da abincinsa matuƙar ba a cikin kwalba yake ba, ruwan sanyi kuma kyauta ake bayarwa a kofi a wuraren sayar da abinci in ka tambaya. Don haka cincin da dafaffen ƙwai da burodi na cikin jaka. Mai son cin na halal a gidajen abincin da ake zama, ya nema tun kafin ranar, in ba haka ba ya tsaya a kifi da ganye. Masu zuwa daga gida kuma, don Allah a bar kilishi da dambun nama a Kano, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo, karensu kuma ya fi ku son kilishin. Masallaci babu a ciki, sai a riƙe 'yar darduma mai naɗewa a tambayi ma'aikaci inda ba hayaniya. Mai goyo akwai ɗakin shayarwa da canza wa jariri. Abin da babu shi ne balan-balan da tsinken shan lemo na roba, an hana su saboda dabbobi, sandar ɗaukar hoto ma tun 2015 aka hana ta a filayen Disney. Ɗan gayun da ya yi niyyar miƙa sanda saitin hancin karkanda, an riga shi.

Inna ce ta fi ɗaukar min lokaci a lissafi. Motar ba ta da ƙa'idar tsayi, jariri ma na hawa a cinya, amma akwai gargaɗi a rubuce cewa mai juna biyu kada ta hau, haka mai ciwon baya ko wuya ko zuciya ya yi hattara, saboda ramukan nan masu tsada. Na karanta mata, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, da cikinka na hau bayan akori-kura zuwa biki, wannan ce za ta gagare ni?" Ban ja ba, amma bencin gaba za mu roƙa mata, don na baya ya fi jijjiga. Akwai keken guragu na haya a bakin ƙofa saboda doguwar tafiyar cikin filin, na ambata sau ɗaya, kallon da ta yi min ya sa ban maimaita ba. Keken tura yara ana ajiye shi kafin a hau. Ƙananan a tsakiyar benci ake sa su, manya a baki. Waɗanda suka saba zuwa sun fi son gefen hagu, sun ce ya fi samun kallo, amma dabba ba ta san hagu da dama ba. Kuma wayar hannu a riƙe ta gam, in ta faɗi a wajen kadoji ba mai tsayawa, sai dai ka yi mata addu'a. In an sauka, kada a yi saurin fita: akwai 'yar hanyar ƙafa a nan gefe mai suna Gorilla Falls, inda ake ganin manyan birai, da dorina ta cikin gilashi tana tafiya a ƙarƙashin ruwa, da okapi, wata dabbar kurmin Kwango mai zanen jakin dawa a ƙafa alhali 'yar'uwar raƙumin dawa ce, wadda masanan Turai ba su tabbatar da ita ba sai 1901.

Malam mai tausayi, kai ban yi maka dariya ba. Ka ce dabbar da Allah ya halitta a sake an tsare ta don nishaɗin masu kuɗi. Maganarka na da nauyi, musamman a kan giwa, wadda a daji take cin tafiyar kilomitoci a rana, filin da aka ba ta a nan kuwa komai kyansa katanga gare shi. Tun kafin a buɗe wurin ma wasu dabbobi sun mutu, masu kare haƙƙin dabbobi suka yi zanga-zanga, ma'aikatar noma ta Amurka ta yi bincike a 1998 ta ce ba ta sami karya doka ba. Sai dai ka ɗora wannan a ɗaya hannun sikelin: an ƙarar da karkanda ƙaf a Yuganda a farkon shekarun 1980, a 2006 wannan filin ya aika da farare biyu da aka haifa a cikinsa zuwa gandun Ziwa na ƙasar, a 2009 macen ta haihu. Uwa daga Amurka, uba daga Kenya, sai suka raɗa wa ɗan suna Obama. Ka auna da kanka. Ni dai na fi jin tausayin kurar gardi.

Baffa Bafulatani, kai na ajiye wa na kusa da ƙarshe, don na san duk surutun nan ba ka ji komai ba, jira kake a zo kan shanu. Akwai su. Shanun Ankole ne na ƙasashen Yuganda da Ruwanda, jajaye, da ƙahonin da kaurin gindinsu ya kai cinyar ƙato, suna kiwo a tsakanin raƙuman dawa ba makiyayi ba sanda. Direba zai yi bayani cewa jini na zagayawa ta cikin ƙahon yana sanyaya musu jiki, Turawa na ta ɗaukar hoto. Na san da kana cikin motar ba za ka ce uffan ba, za ka karkata kai ne ka ƙare musu kallo, can ka ce naka rahajin sun fi su tsayi, kuma waɗannan ba su sha wahalar da za ta sa a kira su shanu ba.

Ga kuma abin da na so in ɓoye wa Bazazzagi, amma gara ya ji daga bakina. A ƙarshen tafiyar, bayan an wuce giwa da zaki da karkanda, motar na ratsawa ta gaban wani ɗan gida da aka ce na mai gadin daji ne. A tsakar gidan akwai wasu dabbobi da aka ƙaro a 'yan shekarun nan, direba na sanar da su da murna, yara na tsalle, ana ɗaga wayoyi. Awaki ne. Gajerun awakin nan masu ƙaton ciki, kuma sunan da Amurkawa ke kiran irin da shi, gajerun awakin Najeriya, don daga na Afirka ta Yamma aka samo asalinsu. Suna nan suna hawa kan akwati suna tunkuyin juna, sumul da su, ba mai jifan su don sun ci shanyar wani. Wato zan biya wa mutum shida kuɗin shiga, in tashe su tun duhu, in tsaya a layi, don a rufe min taro da akuya. Yi dariyarka, na ba ka wannan. Ni abin da ke gabana yanzu shi ne in shawo kan Inna, don na tabbata tana ganin su za ta leƙa ta tambayi direba nawa ya yi wa waccan mai cikin, kuma in ya faɗi kuɗi sai ta taya.